Inda Bes Yake Shigowa

9 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya jikin naki, yaya ƙafar da kika ce tana kumbura? Yaya yara da jikoki? Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Wasiƙarki ta iso, kuma amsata a'a ce. Ba zan je duba Dogo ba. Na ji abin da ya same shi tun kafin ki rubuto, domin an sanar a sujada: ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya ƙi magana. Da aka yi masa addu'a na sunkuyar da kai tare da kowa. Iyakar abin da zan iya ke nan.

Kin ce abin ya daɗe. Na fi ki sanin ya daɗe, ai ni nake ɗauke da shi. Amma tun da kin manta, bari in tuna miki. Aji ɗaya muka yi da Dogo a kwalejin malamai. Ni na zo na ɗaya a darasin waƙa, ni aka tura ƙaro karatu, ni na dawo na zaunar da shi na koya masa karanta do-re-mi. Tun muna samari muke tsaye kafaɗa da kafaɗa cikin mawaƙan ikilisiya, shi yana tena, muryar sama ta maza, ni ina bes, muryar ƙasa da sauran suke hawa a kanta. Da dattawa suka tashi naɗa shugaban mawaƙa, shi suka ba, wai ya fi ni sakin fuska. Na haɗiye. Ya kawo ganguna da piyanon lantarki, ya jingine tsofaffin waƙoƙinmu masu murya huɗu. Na haɗiye. Sai ranar nan wajen koyon waƙa, a gaban yaran da ni na koya wa abacada, ya ɗaga hannu ya tsayar da kowa, ya ce, "Malam, kana jan mu baya. Ka rage murya, ko ka huta mana yau." Yaran suka ƙunshe dariya. Na rufe littafina na fita. Ya ce in huta, to, shekaru sun haura goma ina hutawa.

Ba na fashin sujada, kin sani. Idan an tashi waƙa nakan miƙe tare da jama'a, littafi a rufe, baki a rufe. Marigayiya uwar yarana ta yi ta zungurina da gwiwar hannu har ta gaji ta bari. Dogo ya zo jana'izarta, ya riƙe hannuna, ya faɗi komai ban da kalma ɗayar da nake jira.

Batun lafiyata da kike damuwa, ki kwantar da hankalinki. Kullum da sassafe nakan zagaya ta gidan burodi, in bi katangar makaranta, in haye gada in dawo. Na bar gishiri, shayina ba sukari. Nakan kama ƙarfen gado in tsuguna in miƙe har sai cinya ta yi zafi. Daga nan in karanta Maganar Allah, in durƙusa in yi addu'a, kuma durƙuso na gaske, ba irin na sa'o'ina ba da suke yi daga zaune. Likita ya ce zuciyata ta ɗan shekara hamsin ce. Dogo kuwa tun da can ba ya jin magana a kan maiƙo.

Ki gaida mutanen gidan duka. Ki riƙa ɗora ƙafar a kan matashi.

Yayanki

2 ga Afrilu

Auta,

Ina fata wannan ta same ki lafiya. Na gode da safar da kika aiko, ta yi mini daidai. Wa'azin da kika haɗo da ita ne ya yi mini yawa.

Zan gaya miki wani abu, amma kada ki ɗora masa fassara. Ana gyaran gada, an toshe hanyata, dole na koma bi ta layin su Dogo. Ba wata hanya, sai dai in bi bakin titi in shaƙi hayaƙin motoci. Da farko nakan tsallaka ɗaya gefen in wuce da sauri. Ranar Talata sai Maman Tagwaye, matarsa, ta kama ni. Tana shanya zanen gado a igiya, ta hango ni, ta ƙwala kira, "Malam! Ko kunya ba ka ji, kana wuce mu kamar an biyo ka?" Kin san bakinta. Ta rame ƙwarai. Na tsaya a bakin ƙofa, ban shiga ba.

Ga abin da ta faɗa mini. Kalma ɗaya ce ta rage a bakinsa, "to". Ruwa yake so, to. Ciwo yake ji, to. Amma wata rana tana goge masa jiki tana ɗan rera wata tsohuwar waƙa, sai ta ji ya kama, baiti guda cur, kowace kalma tar. Ta ce kwanon ruwan ya kusa suɓuce mata. Matar da ke zuwa yi masa gashin jiki ta ce hakan yakan faru, wai hanyar waƙa daban take da hanyar magana a cikin kai, kuma idan ana yi da shi kullum watakila maganar ta biyo baya. Mawaƙansa suka zo da piyanonsu da sababbin waƙoƙinsu, waɗanda shi da kansa ya koya musu. Ya juya fuska bango. Ba abin da ya rage masa sai tsofaffin nan da ya jingine. Ki ji fa.

Damuwarta ita ce ba ya ƙarasawa. Yakan yi nisa, sai ya tsaya cak, ya zuba wa ƙofa ido. Ta ci gaba, ya ƙi. Ta ɗauka mantuwa ce.

Muna tsaye sai ya soma waƙa daga ɗaki. Tagar a buɗe take. Auta, muryar ta tsufa amma ba ta kauce ba ko kaɗan. Waƙar nan ce da muke rufe sujadar yamma da ita lokacin Baba yana da rai. Ya yi layi biyu ya tsaya. Ba mantuwa ba ce. A daidai nan sauran muryoyi suke yin shiru, bes ya shigo shi kaɗai ya yi layi ɗaya, sa'an nan kowa ya hau. Jira yake yi.

Ban gaya mata ba. Na ce mata Allah ya ƙara sauƙi, na kama hanya. Yanzu ne yake neman bes! Da yake da baki, cewa ya yi in rage.

A gaida yara.

Yayanki

20 ga Afrilu

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da kumburin ya saɓe. Kada ki ce kin warke ki koma tsayuwar nan taki a kicin.

Ƙaramin fastonmu ya fito da sabon abu. Duk Asabar yana tara tsofaffi a harabar majami'a, ana miƙe hannu ana karkaɗa ƙugu, sa'an nan a zauna nazari. Na je sau ɗaya don kada a ce na raina. Na iske mutanen da ba sa iya taɓa gwiwarsu suna nishi kamar za su haihu. Ya sa na nuna musu yadda ake tsuguno, aka tafa mini. Da muka zauna ya ce ruhu ma kamar tsoka yake, abin da ba a motsawa yakan ƙanƙance. Yana faɗa yana kallona. Yaron da na yi wa gyaran rubutu! Na ce masa na karanta wannan tun kafin a haifi babansa.

An buɗe gada, amma ban koma ba tukuna. Layin su Dogo ya fi inuwa. Kusan kullum nakan ji shi, kuma kullum a wuri ɗaya yake tsayawa. Na iya jure cin fuska, Auta, na nuna haka. Abin da ba na iya jurewa shi ne a bar waƙa a rataye. Tana bina har gida. Ina durƙushe ina addu'a, layin nan yana zagaya mini kai, har in rasa inda na tsaya.

Saboda haka gobe bayan sujada zan shiga. Kada ki yi murna, ba sulhu zan je yi ba. Zan ba shi layinsa ya ƙarasa waƙarsa, ni ma in samu in yi addu'ata cikin natsuwa. Kuma ba zan ɓoye miki ba, ina so ya ji abin da ya kora.

Na ciro tsohon littafin daga ƙasan akwati, na duba, ba abin da na manta. Ban gwada muryar ba. Matar ɗana tana gida kullum, bangon ɗakina kuwa siriri ne, ba na son a yi ta kallona wajen cin abinci. Ba ma buƙata. Mutumin da ke haye gada ba haki, numfashin layi ɗaya ba zai gagare shi ba.

Sai kin ji daga gare ni.

Yayanki

18 ga Mayu

Auta ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Lafiyata ƙalau, alƙalamin ne ya yi mini nauyi.

Na je. Sun mayar da shi ɗakin gaba saboda iska. Gadon ƙarfe, leda a ƙarƙashin zane, kwalaben magani a jere kan taga, warin man zafi. Sandar da yake kaɗa wa mawaƙa tana kan kabad, an ɗaure ta da roba tare da su biro. Mutumin da sai na ɗaga kai nake ganin fuskarsa, ga shi bai cika rabin gado ba. Ya gan ni, ya daɗe yana kallona, ya ce, "To." Na ce masa, "To ɗin ke nan, Dogo." Maman Tagwaye ta jawo mini kujera ta tsaya a bakin ƙofa.

Ba wanda ya ce masa ya fara. Ya ɗaga hannun hagu, ya ba da lokaci, ya kama. Layi na ɗaya, layi na biyu. Ya tsaya, ya nuna ni da yatsa, yadda yake yi a da.

Na gyara zama, na cika ƙirji, na buɗe baki. Iska ce ta fito. Na yi gyaran murya na sake. Wannan karon wani abu ya fito, kamar an ja ƙofar da ta yi tsatsa, ya tsinke a tsakiya. Na nemi ruwa na sha, na miƙe tsaye, na gwada na uku. Na san wurin da sautin yake, ina jin sa a kaina sarai, na sauka in ɗauko shi na tarar ba komai a wurin.

Dogo bai sauke yatsan ba. Can sai na ga gefen bakinsa mai rai yana rawa. Dariya yake, Auta, hawaye na bin kunnensa. Na so in ɗauki littafina in fita kamar wancan karo. Maman Tagwaye ta tare ƙofa ta ce, "Malam, in ba ta reruwa, ai tana faɗuwa. Faɗa masa kawai." Sai na faɗi layin da baki, kamar mai karanta sanarwa, ina buga lokaci a hannun kujera. Ina kaiwa ƙarshe ya hau, ya ƙarasa baitin, ya shiga na biyu. Muka yi waƙar har ƙarshe a haka.

Na koma wurin likita. Ya leƙa maƙogwarona da fitila, ya ce ba ciwo, tsufa ne da rashin aiki, igiyoyin muryar sun sirance. Wai idan na dage zan iya samun abin bin jama'a a sujada. Na tambaye shi na ƙasan fa, bes ɗin. Ya yi ta gyara takardun gabansa.

Yanzu kullum da safe can nake ƙarewa. Maman Tagwaye ba ta iya ɗaga shi, bayanta ya gaza, ni nake ciccibo shi daga gado in sa shi a kujera, in kai shi bakin taga. Tsugunon da na yi ta yi ya sami aiki. Takan ce ashe duk shekarun nan dako nake koyo. Sai mu yi waƙa biyu ko uku, shi yana rerawa, ni ina faɗa. Makon jiya ya ce "ruwa" ba tare da waƙa ba, ta fita waje ta yi kukanta.

Kin tambaya ko na yafe masa. Ban sani ba. Kalmar da na jira ba ta cikin kowace waƙa da ya sani, kuma ban ga alamar zai kai gare ta ba. Wata rana ina ɗauke da shi nakan ji haushin nan yana nan daram. Ina dai zuwa. Ranar Lahadi na buɗe littafina a sujada, na motsa leɓe. Na kusa da ni bai ji komai ba.

Ki gaida yara da jikoki, ki sa mu a addu'a, ni da shi. Ƙafa tana nan, hannu yana nan, zuciya likita ya sake yaba ta. Muryar ce ta tafi, Auta. Ban ma san shekarar da ta tafi ba.

Yayanki