Kashin Kunkurun Baba

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da yara. Hanzari, kunkurun marigayi Baba, ya daina cin abinci, sai zawo. Kullum Mama na tsugune gabansa da ganyen latas tana lallashi, kin san tun rasuwar Baba da shi take hira. Likitan dabbobi ya ce in kawo kashinsa a duba ko ƙwayoyin cuta ne a cikinsa. Na kai, ya duba, ya ce bai ga komai ba. Ki kwantar da hankalinki.

Ƙanwarki,
Auta

Auta,

Wasiƙarki ta iso, ki gaida min Mama. Hankalina dai bai kwanta ba. Ga zawo ga rama, a ce ba komai? Baba da ɗuminsa yake kai kashin nan cikin kwalba. Ke da ko bawon ayaba ba kya iya riƙewa a titi, yaya kika kai shi? Faɗa min gaskiya.

Yayarki

Yaya,

Ina gaishe ki, kaina a sunkuye. Warin ne na kasa shiga bas da shi. Sai na shanya shi a bayan ɗaki ya bushe ƙarau, na fesa masa turare, na naɗe a takarda. Da na koma na faɗa wa likita, bai yi faɗa ba, kallona kawai ya yi, gara ma ya zage ni. Ya ce a ɗanyen kashi ake ganin ƙwayoyin suna motsi, ni na kashe su kafin ya gan su, saura kuma suna can suna cin Hanzari. Yanzu ko kansa da ƙyar yake ɗagawa. Jiya Mama ta ce, "Auta, Allah ya yi miki albarka, kin yi ƙoƙari." Na rasa inda zan sa fuskata.

Ki yafe ni,
Auta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na ɗauki Hanzari ɗungurungum na kai shi, na zauna a ɗakin jira har ya yi abinsa, a cinyata, gaban mutane. Da hannuna na kwashe na miƙa. Likita ya sa na leƙa na'urarsa mai ƙara girman abu, na gan su suna iyo birjik. An fara ba shi magani, amma ya ce mun makara sosai, bai yi alkawari ba.

Na faɗa wa Mama komai. Ganyen latas ɗin kawai ta miƙo min.

Yau ya ci rabi.

Sai na ji daga gare ki,
Auta