Idan Na Gyara Shafin, Sunan Yayata Zai Bace

Kaka, ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa bai yi mini kallon mahaukaci ba.

Yayata ta rasu bara, sikila ce ta ɗauke ta. Kafin rasuwarta ta gina shafin intanet inda mai neman jini a asibiti zai sami mai ba shi. A kan gado ta rubuta rabinsa, kwamfuta a cinya, ƙarin ruwa a hannu. Ita ta koya mini aikin, tana ce mini mai kan kwakwa.

Manhajar da ta gina shafin a kanta ta tsufa, ana ta gargaɗin ɓarayi za su iya kwashe lambobin wayar mutane, sai na sabunta ta. Tun ranar shafin bai sake buɗewa ba. Fayil ɗin da ke nuna wa kowane adireshi shafin da zai je yana kiran wani umarni da sabuwar manhajar ta cire. Na san gyaran, Kaka, ba shi ne damuwata ba. A wajen aikinmu kowane layi yana nuna sunan wanda ya taɓa shi na ƙarshe. Wannan fayil daga sama har ƙasa sunanta ne. Duk layin da na gyara, nata zai sauka, nawa ya hau. Sai in buɗe, in ɗora yatsa, in rufe.

Mama kuma kullum da safe takan buɗe shafin a wayarta, ba don ta karanta komai ba, ta dai ga ya fito. Na ce mata matsalar sabis ce. Shekaranjiya wani ya kira yana neman jini wa matarsa, na yi ta lalube a tsofaffin saƙonni kafin na samo masa mutum. Shin in koma tsohuwar manhajar in bar mata layukanta, ko yaya?

Ƙanin mai shafi

Angona,

Allah ya jiƙan Yayarka, ya sa ciwon ya zama kaffara. Wasiƙarka ta sa na cire tabarau na goge ido, kuma ba kowane miji nake yi wa haka ba.

Karatuna bai kai nan ba, sai na kira jikata mai irin aikinku. Ta ce abin kamar ka leƙa ƙofa ne ka ƙwala wa tsohon ɗan aike kira da sunansa, alhali ya yi ritaya an kawo wani. Na ce to ai na gane, an sha yi mini a asibiti.

Bari in ba ka labari. Marigayi kakanku ya taɓa kafa mini sakata a ƙofar kicin, a karkace, don shi da guduma ba sa ga maciji. Da ya rasu sakatar ta lalace, na hana kafinta taɓa ta, wai hannunsa ne. Ina nan ina gadin ƙusa har akuyar maƙwabta ta shiga ta yi mini walima da buhun gari. Ranar na gane ba sakata mutumin nan ya bar mini ba, ƙofa rufaffiya ya so in samu.

Ban ce kukanka wauta ba ne. Wanda ya rasa nasa, ko tsohon takalmi ya gani sai zuciya ta karye. Amma yarinyar da ta yi rubutu da allura a hannu ba don a karanta sunanta ta yi ba. Komawa tsohuwar manhaja kuwa barin ƙofa ne a buɗe, lambobin bayin Allah a ciki.

Ga abin yi. Ka kwafi fayil ɗin yadda yake ka adana, ka buga shi a takarda ma idan ka so. Jikata ta ce ma'ajiyar aikinku ba ta mantuwa, sunan Yayarka yana nan a tarihi ko ka gyara, ka fi ni sani, baƙin ciki ne ya rufe maka ido. Ka fara da layin sama mai kiran tsohon umarnin, sannan ka bi adireshi ɗaya-ɗaya kana gwadawa a kwamfutarka kafin ka saki. Jikar tawa ta kuma ce ka leƙa sauran fayiloli, tsohon kiran yakan laɓe a can.

Kuma ka daina ɗora wa sabis laifi. Uwar da ta yi jinyar mai sikila ba a ɓoye mata labari, ta san fuskar mai ɓoyewa. Ka zaunar da ita kusa da kai ranar gyaran, ita za ta fara buɗewa a wayarta.

Sunanka da zai hau layin nan ba ture nata ya yi ba, ƙani ne ya karɓi kaya daga kan yayarsa. Maza ka tashi, mai kan kwakwa, wani yana bakin asibiti yana jira.

Allah ya ba ku haƙuri, ya yi wa hannunka albarka.

Kakarku