Kwalbar da Ta Cika da Kanta

Daren Laraba, Gaya.

Da safe na bar ruwan wanke gilasan da nake mannawa a ido saura ɗan kaɗan a gindin kwalba. Na dawo daga biki a Ajingi na tarar da ita cike taf. Kwalba dai ba ta haihuwa.

Na ce, "Goggo, wa ya taɓa min wannan?" Ta kau da kai ta ce, "Ke dai ba kya godiya." Na san halinta, komai ya yi ƙasa sai ta ƙara masa ruwa, daga nono har sabulu. Da na matsa, ta ce ai na randa ne mai tsabta, har zamzam ta ɗiga.

Likitan ido ya ja min kunne tun farko: ban da ruwan sha, ban da yawu, ƙwayar cuta na iya cinye ido. Na wanke hannu na cire gilasan na yar, na zubar da kwalbar. Tabarau zan sa har in shiga Kano.

Amma barci ya ƙi zuwa. Wata biyu ke nan ina yabon kwalbar nan da auki, kuma idona na hagu yana ta ƙaiƙayi.