Ki Ce wa Mama ta Kira Sunana

Assalamu alaikum Kaka,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar taki? Ya su Kawu? Mu nan ƙasar waje lafiya lau, kada ki damu. To, kusan lafiya.

Kaka, ni na jawo mana magana. Wata jami'ar kula da iyali ta zo gidanmu, wai malamarmu ta ce kullum kaina a ƙasa, ba na magana. Jami'ar ta tambaye ni ko Mama tana rungume ni, tana cewa tana sona. Na yi dariya na ce wannan ai sai a littattafan soyayyar da nake ɓoyewa ƙarƙashin katifa. Ita ba ta yi dariya ba, rubutawa ta yi.

Sannan ta lura Mama ba ta faɗin sunana, sai "yarinyar nan". Na ce kunyar 'yar fari ce, tafintan da ta zo da shi ya rasa yadda zai fassara.

Ranar Alhamis za ta dawo. Ta ce wataƙila su kai ni wani gida, wai na ɗan lokaci. Tun ranar abinci ba ya shiga mini.

Jiya na roƙi Mama ta gwada kiran sunana. Ta buɗe baki, idonta ya ciko, sai ta ce, "Ke, je ki duba tukunya."

Don Allah Kaka, ki kira ta. Ke kika koya mata kunyar nan, ke kaɗai za ki iya ɗauke mata ita. Yini ɗaya kacal nake roƙo.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Jikarki