Wasiƙar Kuwabara Zuwa ga Jikarsa

Kanazawa, 3 ga Janairu

Malam Kuwabara,

Barka da sabuwar shekara. Dusar ƙanƙara ta toshe mana ƙofa, ina fata sanyi bai tayar maka da ciwon gwiwa ba. Ga katin gaisuwata, ga kuma aikinka na Faransanci, ya sha jan biro har ya ba ni tausayi.

Shekara arba'in ina koyarwa ta wasiƙa, ban taɓa haɗuwa da ɗalibi mai taurin kai irinka ba. Cewa na yi ka rubuta abin da ka yi bara, abin da ya faru ya wuce. Kai kuwa ka cika min shafi biyu da "da na je", "da na ce", "da na buga waya". Wannan ai darasin watan gobe ne. Mutum irinka da ya tsufa yana ɗinkin tabarmar ɗaki ya san ba a tsallake layi. A sake rubutawa.

Ka huta lafiya,
Shimazu Kikue


Onomichi, 10 ga Janairu

Malama Shimazu,

Gaisuwa da girmamawa. Katinki ya iso, kuma kada abin da zan faɗa ya sa ki jin nauyi, laifin nawa ne. Gidan da aka yi rashi shi ke aika katin makoki tun Nuwamba don mutane su dakatar da gaisuwar shekara. Ni ban aika wa kowa ba.

'Yata Sayoko ta rasu a birnin Nantes na Faransa cikin watan Afrilu. Shekara goma sha biyu ke nan da ta auri Bafaranshe, ni kuma na bi unguwa ina cewa ba ni da 'ya. To da wane ido zan je wurin mai buga kati in ce ina makokinta? Katin murna sittin da uku ya shigo gidan nan, na karanta su duka a tsaye a bakin ƙofa.

Ta bar yarinya 'yar shekara tara, sunanta Maelle, ban taɓa ganinta ba. Saboda ita na shiga ajinki da tsufana, ina tsoron in mutu ba ta ji kalma ɗaya daga bakina ba. Takardar da kika yi wa jan biro, wasiƙar da nake son aika mata ce. Ban san abin da na yi bara ba, Malama. Abin da ban yi ba kawai na sani.

Ɗalibinki,
Kuwabara Tokuji


Kanazawa, 16 ga Janairu

Malam Kuwabara,

Ina yi maka ta'aziyya, kuma na ji kunyar katin nan duk da ka hana ni. Na yi kuka, sannan na sake karanta takardar, kuma ka yi haƙuri, har yanzu ba zan bari ka aika ta ba.

Nadamarka kayanka ce, kada ka ɗora wa marainiya. Me za ta yi da "da na sani" shafi biyu? Kai kaɗai ka rage a duniya da ya san uwarta tana ƙarama. Faɗa mata abin da ya faru: me take ƙin ci, wa ta taɓa cizo a makaranta, wace waƙa take damunku da ita. Rubuta da hannunka, ni kuma zan gyara inda ba za a gane ba kawai.

Allah ya ba ka juriya,
Shimazu


Onomichi, 2 ga Afrilu

Malama,

Ina gaisuwa. Na aika wa Maelle wasiƙar, kuma amsa ta zo jiya. Na ɗauko ƙamus na zauna, ashe ba na buƙatarsa. Da harshenmu ta rubuto, ba Faransanci ba, baƙaƙen a karkace amma babu kuskure ko ɗaya.

Ta ce kowace Lahadi uwarta kan zaunar da ita ta koya mata, tana cewa wata rana Kaka zai kira, kada a ji kunya. Ta tambaye ni ko wayata ce ta lalace.

Ban iya amsa mata ba tukuna. Ki ɗaga min aikin wannan watan.

Na gode,
Kuwabara