Gansakuka Nake Shafa wa Inna da Sunan Ciyawar Teku

Assalamu alaikum masu wannan fili. Ku sakaya sunana, kuma don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, ni ma na zagi kaina ya isa.

Ina aure a Ƙauran Namoda, mahaifiyarmu tana Zurmi da ciwon sanyin ƙashi, gwiwoyin nan har sallah sai a zaune. Ƙanena da ke jami'a ya zo hutu, bakinsa ba ya shiru, ya ce masana sun gwada wata ciyawar teku a kan ɓeraye masu ciwon gaɓɓai, kumburi ya saɓe, zafi ya ragu. Ya ƙara da cewa ba a kai ga mutane ba tukuna, amma Inna ba ta ji wannan ba. Duk zuwana sai ta ce, "Ke, wanga yaro bai aiko da hakin tekun ba?" Ina muka ga teku a Zamfara? Rannan tausayi da gajiya suka haɗu mini, na ce ai ruwa ruwa ne. Na kwaso gansakuka a tafkin bayan gari, na shanya, na daka, na kwaɓa da man kaɗe, na ce ga saƙon autanta.

Wallahi na ɗauka za ta shafa ta manta. Sai ga Inna ta yi sallah a tsaye! Ta riƙe hannuna tana hawaye. "Ɗiyata, wanga ya hi na asibiti. Allah shi yi mai albarka." Tun daga nan ta daina shan ƙwayoyin da likita ya ba ta, har tana lakata wa maƙwabta. Yanzu gwiwar hagu ta kumbura suntum, in ka taɓa zafi rau, ita kuwa ta ce ciwon ne ke fita. Na roƙe ta mu koma asibiti, ta ce in daina yi wa ɗanta hassada.

Tun da aka ƙaddamar da Shari'a, duk wa'azin da na ji a kan ha'inci sai gabana ya faɗi. Wa na ha'inta? Uwar da ta haife ni! Ƙanena bai ma san da sunansa nake yi ba. Jiya ta miƙo mini gwangwanin maganin fayau, tana ɗingishi tana murmushi, ta ce in aika masa ya ƙaro. Me zan yi?