Rasuwar Hajiya Barira, Mai Zaman Alhamis

Cikin alhini da sanyin jiki, Zauren Ma'aikatan Jinya na Gwarzo da Kabo yake sanar da jama'a cewa ya sami labarin rasuwar uwarmu, tsohuwar shugabar ma'aikatan jinya, Hajiya Barira Jibirin Garo, wadda Allah Ya yi wa cikawa da hantsin Litinin a ɗakin mata na asibitin da ta yi wa hidima shekara ashirin da shida. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da ma'aikata suka ragu har auduga ta zama abin tattali, marigayiyar ce ta kafa Zaman Alhamis, inda shugabannin asibiti da ma'aikatan jinya suke haɗuwa kan tabarma ɗaya bayan azahar, kuma ba a kafe jadawalin aiki sai an karanta shi suna bayan suna, kowa ya faɗi uzurinsa. Da aka ƙaddamar da Shari'a, a wannan zama aka tsara yadda mata za su riƙa jinyar mata ba tare da an bar gado ko ɗaya babu mai dubawa ba.

Wata biyar da kwanciyarta rashin lafiya aka soke zaman, wai ɓata lokaci ne, aka koma rubuta jadawali a ofis. A ranar Litinin ɗin, sunan da aka sa a ɗakin mata na abokiyar aikinmu Malama Indo ne, wadda kowa a cikinmu ya san tana takaba a Sabon Birni. Ofis bai sani ba, domin bai tambaya ba. Majinyaciyar gadon kusa ce ta lura Hajiya ta daina motsi.

Ba ma jayayya da ajali, amma zukatanmu sun karye, kuma ba mu ga alamar gyara ba.

Muna miƙa ta'aziyya ga maigidanta, Alhaji Zayyad Masanawa, da 'ya'yanta, Malama Najiba da Malama Fiddausi, da ɗaukacin jama'ar Garo. Allah Ya gafarta mata, Ya sa Aljanna ce makomarta, Ya ba iyalanta juriyar wannan rashi.

Jiya Alhamis mun shimfiɗa tabarmarta, mun jira har aka kira la'asar. Babu wanda ya fito daga ofis.

Malam Nata'ala Ya'u Kabo
Jami'in Hulɗa da Jama'a